Daga Kududdufin Kongo Zuwa Ramin Maiganga

Asalin wannan tafiya gardama ce, ita kuwa gardamar a bakin kududdufi aka yi ta, wani tsohon kududdufi da ke bayan unguwarmu a Kongo, wanda tun muna yara muka taras da shi, aka ce mana ramin da magabata suka haƙi ƙasar gini ne, ruwan damina ya zo ya mai da shi nasa. Ran nan da la'asar sakaliya, farkon shigowar hunturu, na fito ni da ɗan ƙanwata, wanda ya yi karatun ilimin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello can Samaru, muna tafe muna taɗi, sai na toshe hanci na ce da za a taimaka a cike wannan rami da mun huta da sauro da ɗoyi. Yaron bai ce mini kanzil ba. Sai ya karyi kara, ya tsuguna inda kainuwa ta yi shimfiɗa, ya caka shi cikin baƙin taɓon da ke ƙarƙashi ya motsa, kumfa ta dinga tasowa ɓul-ɓul. Ya cika wata tsohuwar kwalba da ruwa ya kifa ta ya tara iskar, ya ƙyasta ashana a bakinta, sai ga wani ɗan harshen wuta shuɗi ya yi wal ya mutu. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, abin nan da kake toshe wa hanci, da zai sami sharuɗɗansa da lokacinsa, shi ne kwal ɗin da Kaka ya yi shekaru yana zuba wa jirgin ƙasa."

Na yi dariya irin wadda babba kan yi in ya ga boko na neman ɗauke yaro, domin kwal ba baƙona ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin Reluwe ne a tashar Sabon Gari tun zamanin da jirgi ke tafiya da wuta da tururi, na kuwa sha ganin tulin baƙin dutsen nan a gefen dogo, na sha jin tarihinsa daga bakin tsohon: yadda aka gano shi a tuddan Udi, ƙasar Ibo, a 1909, aka fara haƙarsa sosai wajen 1916, har garin Inugu ya kafu saboda shi, aka ja dogo zuwa Fatakwal don fid da shi, da yadda ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙa wuta a kwarin Iva suka kashe mutum 21, al'amarin da bai taɓa ambata ba face ya yi shiru na ɗan lokaci, da kuma yadda kasuwar kwal ta soma mutuwa tun ranar da injunan dizal suka hau dogo. A kan wannan sani na kafa hujjata. Gawayi icce ne da aka ƙona, wannan ko yaro ya sani, amma kwal da diga ake fasa shi, to, ina dutse ina taɓon kududdufi? Ya ce shi ba zai ja da ni ba, amma in na yarda mu yi tattaki zuwa ƙasar Gombe, akwai wani ƙauye kusa da Kumo, ana ce da shi Maiganga, inda aka yaye bayan ƙasa har mutum na iya karanta abin da ke rubuce a cikinta. Na ce madalla, gani ya kori ji.

Kafin mu tashi sai da na tambaye shi abin da ya hana mu nemi abin a nan gida, tun da ga fadamun Kubanni da na Galma shaƙe da laka. Ya ce ƙasar Zazzau bisa tsohon dutse take zaune, wanda ya narke ya sandare can cikin zurfin ƙasa, bisa lissafin masana, tun kimanin shekara miliyan 600, Kufena da Madarkaci kuwa kawunansa ne da suka leƙo waje, jar ƙasa da marmarar da muke nomawa mayafi ne kawai marar kauri a bisansa. Irin wannan ƙasa ba ta ajiya. Lakar da Kubanni ta kwantar bana, baɗi ta kwashe ta ta miƙa wa Galma, Galma ta miƙa wa kogin Kaduna, shi kuma ya kai wa Kwara. Kwal kuwa ba ya samuwa sai inda tsiro ya yawaita, ruwa ya kwanta a kansa ya tsare shi daga iska, sa'an nan, wanda shi ne sharaɗi mafi wuya, ƙasar wurin kanta ta riƙa nitsewa sannu a hankali, daidai gwargwadon yadda tarkacen ke taruwa, tsawon dubban shekaru ba tare da ta yi gaggawa ko ta tsaya ba. Kududdufinmu ya cika biyu, na ukun ne ba shi da shi, ba kuwa zai samu ba.

Muka fita bayan sallar asuba ta tsohuwar hanyar Jos, muka wuce ƙofar harabar jami'a ta Kongo, inda aka horar da akawuna da alƙalai da ma'aikatan mulki na Jihar Arewa tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962, muka haye Galma hazo bai bari mun ga ƙetarenta ba. Na shafa gilashin mota na nuna masa farar ƙurar da ta manne mini a yatsa, ina ƙorafin tari, sai ya ce ai darasin ma ya fara ke nan, domin galibin ƙurar hunturun nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, shi kuwa kwarin gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe. Kimanin shekara dubu 7 da suka wuce tafkin Chadi ya fi murabba'in kilomita dubu 300, tsohon gaɓarsa har yanzu ana ganinsa, wani dogon tudun rairayi da ya ratsa ta Maiduguri da Bama. Farin garin da ya bari kuwa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, da suka mutu suka kwanta bisa juna. Da ruwa ya janye, rana da iska suka cinye abin da ke ruɓewa a jikinsu, saura ɓawon, shi ne iska ke ɗebo mana kowace shekara. Watau dai lakar tafki muke shaƙa, wadda ba ta sami mai binne ta ba.

Daga Soba zuwa Dutsen Wai, zuwa Pambeguwa da Saminaka, babu abin da ya sauya: jar ƙasa, falalen duwatsu, karan dawa a tsaye, da buhunan gawayi jere a bakin titi, abin da ya sa na yi ta tunanin yawan itatuwan ƙirya da marke da ake kayarwa kullum don tukwanen birni. A Jos muka ci abinci, muka ga tafkunan da mahaƙan kuza suka bari, muka gangara Bauchi muka kwana.

A hanyar nan ne ya warware mini mas'alar ruɓa, wadda ita ce asalin al'amarin duka, na kuwa ga ya kamata in rubuta ta kamar yadda na fahimta. Jikin icce, in ji shi, abu biyu ne manya. Akwai wani zare mai laushi da ake kira selulos, wanda auduga kusan shi ne tsantsa, akwai kuma wani abu mai tauri kamar ƙaro da ke ɗaure zaren ya ba icce ƙarfin tsayuwa, sunansa liginin. In icce ya faɗi a tudu, gara da funfuna da ƙwayoyin bakteriya sukan taru a kansa, da taimakon iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, su mai da shi iska da ruwa, bayan 'yan shekaru ko alamarsa ba a gani. Amma in cikin ruwa kwance ya faɗa, to, oksijin da ruwa ke iya riƙewa kaɗan ce ƙwarai, masu ci na farko sukan shanye ta nan da nan, funfunar da ta iya fasa liginin kuwa ba ta aiki sai da iska. Sai a bar wasu bakteriya masu rayuwa cikin duhu ba da numfashi irin namu ba, su ɗan ci selulos a hankali, su fid da iskar nan mai kamawa da wuta da ake kira metan, wasunsu kuma su fid da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda na toshe wa hanci. Liginin da ya gagara sai ya rikiɗa ya zama wasu sinadarai baƙaƙe masu tsami, su rina ruwan ya yi launin shayi, tsaminsu kuma ya daɗa kashe wa bakteriyar jiki. Ashe kwal ruɓa ce da aka katse ta a tsakiya. Ya ce dabarar kwalbar nan ma ba tasa ba ce, wani masani mutumin Italiya, Alessandro Volta, wanda ya ƙago batir, shi ya fara tara wannan iska a 1776 daga cikin kacallar bakin tafkin Majore, ta hanyar motsa laka da sanda.

Nan na tuna da jirgin kwalekwalen Dufuna, na ƙasar Fune a jihar Yobe, wanda wani makiyayi Bafillace ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, tsawonsa ya ɗara mita 8, aka auna shekarunsa aka samu wajen dubu 8. Na ce ashe shi ma laka ce ta tsare shi. Ya ce, "Sosai kuwa, Kawu. Da a tsakar gidanka aka ajiye shi, da gara ta gama da shi tun kafin ka aurar da autarka."

Washegari, bayan mun haye kogin Gongola a Dindima muka doshi Alkaleri, sai na lura da kaina, ba tare da an nuna mini ba, cewa duwatsun nan masu ƙoƙon kai irin na Zazzau da Bauchi sun ɓace, ƙasa ta yi laushi, inda duk aka yanka tudu don hanya sai ka ga gefensa shimfiɗa bisa shimfiɗa, fari da ja da ruwan hoda, kamar an jera tabarmi. Ya ce mun sauka daga kan tsohon dutse ke nan mun shiga kwarin Binuwai, wanda ya samu sa'ad da nahiyar Afirka da ta Amurka ta Kudu suka rabu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce: ƙasa ta tsage ta yi dogon kwari tun daga bakin teku har ƙasar Gombe, gindinsa ya yi ta nitsewa, koguna suna zuba masa rairayi, tafkuna suna kwanciya cikinsa, har daga baya teku ta kutso ta mamaye shi. Dutsen Bima, wanda mutanenmu suka fi sani ta wajen labaran Mahadi, rairayin kogunan farko ne da ya daskare. Baƙar lakar Pindiga da farin dutsen Ashaka da ake yin siminti da shi kuwa ajiyar teku ce, har ana tsintar katantanwar teku da ta zama dutse a cikinsu. Wannan bai ba ni mamaki ba kamar yadda yaron ya zata, domin malamanmu na da sun riga sun taɓo shi: Ibn Sina ya yi bayani cikin Kitabus Shifa a kan yadda laka ke zama dutse da yadda ake samun halittun ruwa cikin duwatsu, Albiruni kuma ya dubi ƙasar Hindu ya hukunta cewa teku ce da koguna suka cike. Abin da na ga na zamani sun ƙara shi ne awo da lissafi, wannan kuwa ba ƙaramin ƙari ba ne.

Da teku ta janye, wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, sai ta bar ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai dausayi, koguna na rarrabuwa cikinta, tsakaninsu tafkuna da fadamu cike da itatuwa, da yawansu dangin giginya da kwakwa, kamar yadda garin furanninsu da ake samu cikin lakar ya shaida. Wannan ita ce shimfiɗar da masana suka sa wa sunan Gombe, ita ce kuma muka zo gani.

Muka isa Kumo da azahar, muka saki hanyar Yola muka bi ta tirelolin da ke ɗaukar kwal zuwa masana'antar siminti ta Ashaka, wadda ita ke haƙarsa don hura tandunanta. Bayan gaisuwa da neman izini, aka ba mu hular kwano, aka tsai da mu a bakin ramin. Na daɗe ban ce komai ba. Rami ne mai faɗin gaske wanda aka sassaƙa hawa-hawa, motocin haƙa a ƙasansa sun koma kamar ƙwaro, a jikin bangonsa kuwa ga rubutun da aka yi mini alkawari: daga sama jar ƙasa, sai rairayi mai kauri, sai laka ruwan toka, sa'an nan wani baƙin layi miƙaƙƙe kamar an ja shi da tawada, ƙarƙashinsa laka kuma, can ƙasa wani baƙin layin. Yaron ya ce a karanta daga ƙasa zuwa sama, don na ƙasa shi ya riga kwanciya. Lakar nan mai laushi gindin tafki ce, inda ruwa ya natsu har ƙura mafi ƙanƙanta ta sami damar sauka. Tafki kuwa daga gefe yake mutuwa, bado da kacalla su fara cin bakinsa, gawarsu ta taru ta yi tudu, itatuwa su hau, su ma su mutu su kwanta cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, har dausayi ya rufe inda dā ake iyo. Baƙin layin shi ne dausayin. Rairayin da ke bisansa kuwa ranar da kogi ya sauya hanya ne ya binne shi, ko ranar da ƙasa ta nitse da sauri ruwa ya shanye dajin; da abin ya lafa sai wani tafkin ya kwanta, aka sake karatun daga farko.

Na tambayi tsawon lokacin da layi ɗaya ya ci. Ya ce tarkacen dausayi, wanda zan kira ɗanyen kwal, yakan ƙaru da misalin milimita ɗaya a shekara, in kuma nauyin ƙasa ya danne shi ya matse ruwansa, mita da yawa, har zuwa goma a wani ƙiyasin, kan koma mita ɗaya. Na yi lissafi da yatsu irin na tsofaffin akawuna, na ga shimfiɗar da ba ta fi tsayina ba tana iya zama ajiyar shekara dubu goma ko fiye, alhali ga tirela tana cika da ita kafin a gama shan shayi. Na yi tasbihi. Ban ce a bar haƙa ba, domin da simintin nan ake gina makarantu da asibitoci, kuma ni kaina da shi na yi daɓen gidana. Amma na ga ya kamata mai ɗibar irin wannan dukiya ya san nawa aka tara ta, kamar yadda ya kamata magaji ya san wahalar da mai barin gado ya sha.

Aka miƙo mana gutsure guda. Ba shi da nauyin kwal ɗin Inugu da na sani, launinsa baƙi ne mai ratsin ƙasa-ƙasa, da yaron ya ɓare shi ya ba ni madubin hannu sai na ga sirara-siraran layuka, wasu na ƙyalli kamar kwalta, wasu dushe-dushe, a wani gefe kuma, wallahi, ga zanen jijiyar icce ƙarara. Nan gardamata ta mutu, na kuwa faɗa masa haka, don girma ba ya hana karɓar gaskiya. Ya ce wata Baturiyar Birtaniya, Marie Stopes, masaniyar tsirran dauri, ita ta tsara yadda ake rarrabe waɗannan ɓangarori, a 1935 ta ba su suna na bai ɗaya. Mai ƙyallin nan icce ne da ɓawo waɗanda suka jiƙa suka narke kamar kunu kafin su daskare, akwai wani kashi da ya fito daga garin fure da kakin ganye da ƙaro, mai yawan maiƙo, sa'an nan ya shafa wani wuri mai laushi da yatsa, yatsan ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Wannan kuwa, Kawu, gawayi ne, gawayi na sosai irin na buhunan Saminaka." Ashe a wancan zamani ma akan yi fari, dausayi ya bushe, tsawa ta faɗa, gobara ta ci daji, damina ta dawo ta binne toka da gawayin. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ko ba komai ya nuna Bahaushen da ya kira kwal gawayin ƙasa bai yi nisa da gaskiya ba.

Muka koma inuwa muka zauna, ya ci gaba da abin da ya ce shi ne ainihin fanninsa, watau binciken sinadaran da ke cikin laka don gane asalinta. Yadda ya kwatanta shi, sai na ga ya yi kama da aikin malaman hadisi masu bin isnadi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun san daga bakin wa ta fito. Akan niƙa dutsen, a jiƙa shi cikin wani ruwan magani da ke tsotso maiƙonsa, a tura maiƙon cikin na'ura mai rarrabe shi, sai a sami sinadarin kabon a jere kamar 'ya'yan carbi, wani carbin gajere wani dogo. Kakin da ke bayan ganyen itatuwan tudu, wanda ke sa ruwa ya zame a kansa, dogayen carbi yake bari, masu 'ya'ya 27 ko 29 ko 31, abin ta'ajibi kuwa witiri ya rinjayi shafa'i a cikinsu. Gansakukar ruwa kuwa gajeru take bari, masu 15 ko 17. Da wannan ake gane ko lakar ta tsakiyar tafki ce ko ta bakin daji. Har yanayin ruwan ma yana da mai ba da shaida, domin koren launin ganye yana da wata 'yar wutsiya wadda in ta gamu da oksijin kafin a binne ta takan zubar da ɗan carbi ɗaya ta zama mai 19, in kuwa ba ta gamu da ita ba ta tsaya a 20, sai a auna wanne ya fi yawa a san ko ruwan mai zurfi ne marar numfashi ko kuwa dausayi ne da ke bushewa lokaci-lokaci. Wanda ya buɗe wannan ƙofa wani Bajamushe ne, Alfred Treibs, da ya samo ragowar koren ganye cikin ɗanyen mai da kwal a wajen 1934, ya tabbatar da cewa daga masu rai suka fito.

Bambancin tsakiya da gefe kuwa ba na ilimi kaɗai ba ne, har da na kasuwa. Abin da ya taru a gefe, na icce, shi ke zama kwal da iskar gas. Abin da ya kwanta a tsakiyar tafki mai zurfi, na gansakuka, ya fi yawan haidirojin, in ya dahu mai yake bayarwa. A ƙasar Sikotlan akwai wani irin kwal na tafki, kusan gansakuka zalla, wanda James Young ya riƙa dafawa yana tatsar man fitila tun wajen 1850, kafin rijiyoyin Amurka su cika duniya da kananzir. Ya nuna yamma da hannu ya ce rijiyar Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, wadda aka ba da sanarwar samun mai a cikinta a 2019, har Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikinta a Nuwamban 2022, cikin wannan kwari ɗaya take, tambayar da masana ke ta bi kuwa ita ce wace laka ce uwar man, ta tafki ko ta teku.

Shi ma kibiritu, wanda muke kira farar wuta, shaida ne. Ruwan teku na ɗauke da gishirinsa da yawa, saboda haka dausayin da teku ke shiga yakan haifi kwal mai yawan kibiritu, mai hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro da cin ƙarfe, na ruwan daɗi kuwa nasa kaɗan ne, galibin kwal ɗin Nijeriya kuma cikin wannan kashi yake. Toka kuma ita ce lakar da ambaliya ta riƙa shigarwa cikin dausayin tun yana raye.

Maganar toka ce ta jawo mana wani direba a wurin mai shayi a Kumo da dare, mutumin Tawa, wanda ya ji muna ambaton kwal ya matso ya yi sallama. Ya ce, "Alhaji, in kwal kuke nema ku zo ƙasarmu." Ya ba mu labarin Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, ke haƙar kwal yana ƙona shi nan take ya ba da lantarki ga mahaƙar yuraniyom ta Arlit da garin Agadas, ya ce tokarsa kuwa sai ka ga tudu guda. Ɗan ƙanwata ya ce wancan ya girmi na Maiganga nesa ba kusa ba, ya haura shekara miliyan 300, tun zamanin da babu icce mai fure a duniya, sa'an kwal ɗin Ingila da Jamus ne. Na yi ta juya wannan a raina, cewa inda yau ayarin raƙuma ke auna tafiya da rijiyoyi, dā daji ne mai ruwa kwance. A wannan yanki ne kuma Ibn Battuta ya sauka a Takadda a 1353, shi da ya ba da labarin yadda mutanen Sin ke hura wuta da wata irin ƙasa, bai san yana tafiya kusa da irinta ba.

Abu ɗaya ya rage da ya dame ni, shi ne me ya sa kwal mai shekara miliyan 70 bai yi taurin da na sani ba. Ya ce tsufa ba shi ke dafa kwal ba, zafi ne, zafi kuwa daga zurfi yake zuwa, domin duk kilomita ɗaya da aka nitsa cikin ƙasa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30, ruwan ɗumin Wikki na Yankari, wanda muka wuce mararrabarsa a Dindima, ɗan manzo ne daga can. Gwargwadon dahuwa, gwargwadon yadda ruwa da oksijin ke fita kabon ya rage: ɗanyen kwal na da misalin kashi 60 cikin ɗari, mai launin ruwan ƙasa wajen 70, baƙi mai ƙyalli 80 zuwa sama, na ƙarshe mai tauri kamar tangaran ya haura 90. Na Maiganga ba a binne shi da zurfi ba, don haka yana matakan farko, na Obi ta wajen Lafiya kuwa ya sha wuta fiye da shi, har ana maganar amfani da shi wajen narkar da ƙarfe. Na tuna kuma da ruwan da na hango ya taru a wani lungu na gindin ramin, kore shar, har ciyawa ta fara cin bakinsa. Na ce masa in an tashi daga wurin nan ba a mai da ƙasa ba, kududdufi za a bar wa mutanen Maiganga, wanda ya fi namu na Kongo sau dubu. Ya ce haka ne, shi ya sa doka ta wajabta a cike a dasa itatuwa.

Kwana huɗu muka yi muka komo. Gutsuren da na ƙunsa cikin hankici na zo da shi, da na kwance shi a gida sai na tarar hunturu ya tsotse ruwansa, ya tsattsage ya rabu uku. Na ajiye ɗaya bisa kantar littattafai kusa da hoton mahaifina, na ba jikokina ɗaya su kai makaranta, na ukun kuwa na ɗauka na nufi maƙerar wani tsohon abokina a Tudun Wada, na ba shi labari tun daga kududdufi har Kolmani, yana saurare yana gyara bakin wata fartanya. Da na gama ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina, ya jefa cikin wuta, ya ce wa yaronsa ya ja zugazugi. Abin ya yi ta hayaƙi fari mai kauri da wani wari kamar na ƙonannen ƙaro, har muka fara tari, sa'an nan ya kama da dogon harshe rawaya. Maƙerin ya zuba masa ido har ya cinye, ya tona tokar da awartaki, ya ce, "Alhaji, wuta kam akwai ta, amma wannan bai nuna ba. Ku mai da shi inda kuka ɗauko shi ya ƙarasa." Sa'an nan ya ɗebo gawayin ƙirya cikin kwando ya zuba, ya mai da fartanyarsa cikin wuta.